Ido da Sikeli: Tarihin Gardama a kan Ƙarfi

A ƙasar Muniyo an daɗe ana auna kaya kafin a fara auna mutane. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen Borno da Hausa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, babban arzikin wannan yanki na Mangari shi ne mangul da kanwa, waɗanda ake fiddawa daga kwaruruka a yi Kano da Katsina da su. Duk wanda ya yi wannan fatauci ya san kaya hawa-hawa ne: na raƙumi daban, na takarkari daban, na jaki daban, na kan ɗan alaro kuma daban. Madugun da ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ya yi asarar jaki, wanda kuwa ya ɗora wa raƙumi kayan jaki ya yi asarar tafiya.

Da za a tambayi irin wannan madugu wace dabba ce ta fi ƙarfi a ayarinsa, cewa zai yi raƙumi, ba tare da ya tsaya tunani ba. In aka ce masa wacce ta fi ƙoƙari, sai ya nuna jaki, domin sau da yawa abin da ke bayan jaki yakan kai rabin nauyin jikinsa, alhali raƙumi, duk da tulin da aka lafta masa, bai cika kaiwa haka ba. Tambayoyi biyu ke nan da amsoshi biyu, kuma kowace gaskiya ce. Inda matsalar take shi ne harshe ya ba abubuwan nan biyu suna guda. Akwai ƙarfi tsantsa, wato iyakar abin da mai rai zai iya cirawa daga ƙasa, ko shi ƙato ne ko siriri. Akwai kuma ƙarfi gwargwadon jiki, wato abin da ya cira in aka gwada shi da nauyin kansa. Duka biyun "ƙarfi" ake ce musu, kuma daga nan ne gardamar ta samo asali, wadda har gobe ake yin ta a bakin filin kokowa da rumfunan kasuwa da wajen shan shayi, wadda kuma Turawa suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman kashe ta da sikeli da alƙalami a wasan ɗaga ƙarfe.

Kokowar ƙauye ba ta san sikeli ba, amma kuskure ne a ce ba ta san awo ba. In kaka ta yi, an kai gero rumbu, samarin gari suka yi gayyar na maƙwabta, ba kara-zube ake shiga fili ba. Yara ne ke buɗewa, sannan matasa, sai dare ya raba manya su fito da gurayensu da layunsu. Kowa warinsa yake nema. Wanda ya miƙa wa wani hannu yana gayyatarsa, dattawan da ke zaune a gefe suna kallo, in suka ga abin ba sa'a ba ne sai su hana, shi ma wanda aka gayyata yana iya kaucewa in ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Wato dai akwai rabon aji, amma ido ne ke yin sa, kuma ido yana haɗa abubuwa da yawa a kallo ɗaya: shekaru, tsawo, kauri, gidan da yaro ya fito, da kayen da ya yi bara. Sai a can ƙarshen dare, tsakanin gwanaye, ake ajiye wannan awo. A nan ba a tambayar girman jiki. Gari ba ya da zakara biyu, kuma wanda makaɗi zai wasa gobe shi ne wanda ya rage a tsaye.

Wannan ƙarshen dare ne hukuma ta ɗauka ta mai da shi gasar ƙasa. Bayan sojoji sun karɓi mulki a watan Afirilu na 1974, gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta farfaɗo da samariya, ta shirya kokowar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, ya zama sarki. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jahohi, sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida ta rediyo da bakin mawaƙa irin su Sagalo. Yau filin kokowar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma. A tsarin da aka saba, kowace jaha cikin takwas ɗin tana kawo ƴan kokowa 10, a tashi da 80, kuma takobi ɗaya ne tak. Babu aji, babu sikeli. Abin lura shi ne gasar ta gaji rabin al'ada ne kawai. Ta ɗauki karon manya, ta bar idon dattawan nan da ke haɗa kowa da warinsa a farkon dare.

A ƙasar Turai ma da haka aka fara. A wasannin Olimpik na farko na wannan zamani, a birnin Atina a 1896, babu rabon aji a ɗaga ƙarfe. Launceston Elliot na Birtaniya ya ci ɗagawa da hannu ɗaya da kilo 71. A ta hannu biyu kuwa shi da Viggo Jensen na Danmak suka yi kunnen doki a kilo 111 da rabi, sai Yarima George na Girka, wanda ke cikin alƙalai, ya ba Jensen nasara bisa cewa ɗagawarsa ta fi tsabta. Wato su ma a ranar ido ne ya raba gardama. Sai a 1920, a birnin Anvers na Beljiyam, aka shigo da aji biyar: kilo 60, 67 da rabi, 75, 82 da rabi, da kuma abin da ya haura haka. Daga wannan rana zakaran ɗaga ƙarfe ya tashi daga mutum ɗaya ya koma mutum biyar, kuma tambayar da ake zaton an binne ta sai ta sake tsirowa da wata fuska: cikin biyar ɗin, wane ne gwani?

Wanda ya fara girgiza masu wannan lissafi ɗan Afirka ne. Masar ta riga ta nuna kanta tun 1928 a Amsterdam, inda Sayyid Nusair ya ci zinariya a ajin 82 da rabi. Amma abin da Khidir al-Tuni ya yi a Barlin a 1936 ya wuce nan. A ajin kilo 75 ya shiga. A wancan zamani iri uku ake ɗagawa a haɗa jimla, shi kuwa ya tara kilo 387 da rabi. Bajamushen da ya zo na biyu, Rudolf Ismayr, 352 da rabi ya samu, ratar kilo 35 ke nan, a wasan da kilo biyu da rabi ke raba zinariya da azurfa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Bafaranshe Louis Hostin, wanda ya ci ajin da ke sama da na al-Tuni, kilo 372 da rabi ya tara. Ƙaramin ya ɗara babban da kilo 15, ba a ma yi zancen gwargwadon jiki ba. Zakaran ƙattai na wannan shekara, Josef Manger, a ajin da ba shi da iyakar nauyi, 410 ya ɗaga, wato kilo 22 da rabi kacal ya fi Bamasaren. Ranar nan ƙarfi tsantsa da ƙarfi gwargwadon jiki saura ƙiris su haɗu a jikin mutum ɗaya, abin da ba a cika gani ba.

Dalilin da ya sa ba a cika ganinsa ba, tun 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana shi, kuma malamin lissafi na kwaleji zai iya nuna shi a allo da tubali. A ɗauki tubali a ninka tsawonsa da fāɗinsa da kaurinsa, kowane sau biyu. Fuskarsa za ta ninku sau 4, amma nauyinsa sau 8 zai ninku. To, ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, wato fuskar da za a gani da za a yanka ta a gicciye, shi kuwa nauyin jiki yana bin cikar jikin gaba ɗaya. Saboda haka duk sa'ad da halitta ta ƙara girma, ƙarfinta yana ƙaruwa, amma nauyinta ya fi saurin ƙaruwa. Galileo ya kawo misalin ƙaramin kare da zai iya goya ƴan'uwansa biyu ko uku, alhali doki ba zai goya doki ɗaya ba. Yaron Gure ba ya bukatar kare ko doki. Ya ga tururuwa tana jan ƙwayar dawa da ta fi ta girma, ya ga buzuzu yana mirgina dunƙulen da ya ninka shi, bai kuwa taɓa ganin raƙumi ya ɗauki raƙumi ba. Ba jarunta tururuwa ta fi raƙumi ba, ƙanƙanta ce ta yi mata rana. A 1956 wani masani Ba'amurke, M. H. Lietzke, ya gwada wannan ƙa'ida da bajintar masu ɗaga ƙarfe ta lokacin, ya tarar alƙaluman suna bin ta sau da ƙafa, in ban da ƙattai da suka faɗo ƙasa da abin da lissafi ya yi musu zato.

Mutum biyu sun isa misali. Na farko Na'im Sulaimanoglu, Baturke haifaffen Bulgariya, wanda ya gudu daga tawagar ƙasar haihuwarsa a 1986, a zamanin da hukumomin can ke tilasta wa Turkawa canja sunayensu. Tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. A Seul a 1988, a ajin kilo 60, ya fizge kilo 152 da rabi daga ƙasa zuwa sama a tashi ɗaya, sannan ya saɓa 190 a ƙirji ya cira su bisa kai, jimla 342 da rabi. Kilo 190 ɗin nan nauyinsa ne sau uku har da ɗoriyar kilo 10. Na biyu Lasha Talakhadze na ƙasar Jojiya, wanda nauyinsa ya kai kimanin kilo 180. A birnin Tashkent, a watan Disamba na 2021, ya fizge 225, ya saɓa ya cira 267, jimla 492, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin wasan. In ƙarfi tsantsa ake nema, zance ya ƙare: Talakhadze ya fi da kilo kusan 150. In an raba da nauyin jiki kuwa, 267 ɗinsa bai wuce nauyinsa sau ɗaya da rabi ba, rabin abin da Na'im ya yi ke nan.

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, su ce ashe ƙaramin ne gwani, tunda rabawa ta nuna. Rabawar nan ba alƙalin gaskiya ba ce, ƴar gidan ƙanana ce. Talakhadze ya ninka Na'im sau uku a nauyi. Da ƙarfi yana bin nauyi ƙafa da ƙafa, da sai ya cira kilo 570 kafin ya yi daidai da shi, abin da ƙashin ɗan Adam ba zai ɗauka ba. In aka bi ƙa'idar Galileo, wanda ya ninka wani sau uku a nauyi, sau biyu da ɗan kai ya kamata ya ninka shi a ƙarfi, wato wajen kilo 395. Ko wannan ma ya yi nisa da 267, saboda jikin ƙato ba tsoka ce zalla ba, da kitse a ciki, kuma masu irin wannan ƙira kaɗan ne a duniya, ba kamar matsakaita ba da ake zaɓen gwani cikin dubbai. Ganin haka ne wani malamin lissafi na Kanada, Roy Sinclair, ya fito da wani ma'auni a ƙarshen shekarun 1970. Bai dogara da ƙa'idar tubali ba, sai ya ɗauki bajintar da aka riga aka yi a kowane aji ya zana layi a kanta, domin a amsa tambaya ɗaya: da wannan mutum ƙato ne, da gwanintarsa ta yanzu, nawa zai ɗaga? A wannan ma'auni aikin Na'im na 1988 da na Talakhadze na 2021 suna can ƙololuwa, kusa da juna. Sai dai ana sabunta alƙaluman bayan kowane zagayen Olimpik, kuma da an sabunta su, matsayin waɗanda suka daɗe da barin wasa, har da matattu, yakan motsa. Ma'aunin da ke canja hukunci a kan aikin da aka gama shekara 30 da suka wuce, yana da amfani, amma ba a rantsuwa da shi.

Sikeli bai tsaya ga raba aji ba, har kujerar alƙali ya hau. Shekaru da dama dokar ita ce, in mutum biyu suka yi kunnen doki, wanda ya fi rashin nauyi shi ya ci. A Melbon a 1956, Paul Anderson na Amurka da Humberto Selvetti na Ajantina kowa ya tara kilo 500, aka ba Anderson zinariya don jikinsa bai kai na abokin karawarsa nauyi ba, a ajin da aka ce nauyi ba shi da iyaka. A Basalona a 1992 mutum uku suka tara 370 a ajin 82 da rabi. Ibragim Samadov ya fi sauran biyun nauyi da giram 50, abin da bai kai ruwan ƙaramin kofin shayi ba, aka ba shi tagulla. Ya yar da ita a kan dandali ya yi tafiyarsa, aka kore shi daga wasan har abada. Wadda ta fi kusa da gida ita ce ta Sidni a 2000, shekarar da aka fara barin mata su ɗaga ƙarfe a Olimpik. A ajin kilo 75, Ruth Ogbeifo ta Najeriya, da María Isabel Urrutia ta Kolombiya, da Kuo Yi-hang ta Taiwan, kowace ta tara 245. Ba wadda ta fi wata ko da giram ɗaya na ƙarfe. Sikelin safe ne ya ba Kolombiya zinariyarta ta farko a tarihi, ya bar Najeriya da azurfa. Sai a 2017 aka soke wannan doka, aka koma cewa wanda ya riga kaiwa ga jimlar shi ya ci.

Duk inda aka kafa iyaka kuma, sai an samu masu raɓewa a gindinta. An ruwaito cewa a Melbon ɗin nan Charles Vinci na Amurka sai da aka yi masa aski a gurguje kafin ya shiga ajin kilo 56, ya kuma ci zinariya. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne yunwa da ƙishirwa da ƴan wasa ke ɗora wa kansu kafin awo, da magungunan sa fitsari. A Seul a 1988 an ƙwace zinariya biyu daga ƴan Bulgariya saboda irin wannan magani, wanda ke rage nauyi yana kuma ɓoye sawun wasu ƙwayoyin. Ɗaya daga cikinsu a ajin 67 da rabi yake, shi ya sa zinariyar ta koma hannun wanda ya tara 340, har ake cewa Na'im ya ɗara ajin da ke samansa. Gaskiya ne ya ɗara, amma bayan an fidda na farkon. Yawan irin wannan badaƙala na cikin abin da ya sa hukumar wasan ta duniya ta yi ta rusa ajujuwa tana sake su, a 1993, da 1998, da 2018, da 2025, kowane karo a buɗe sabon littafin bajinta.

A wannan ƙasa sikeli ba ta ƙofar wasa ya shigo ba, kuma wannan yana cikin dalilin da ya sa ba a yi masa kallon aboki. Ya zo ne da kanti da cinikin gyaɗa a Magarya da Matamai da Damagaram, inda manomi ke tsaye yana kallon allurar da bai iya karantawa ba. Ya zo kuma da aikin tilas na zamanin Faransawa, lokacin da ake ƙayyade wa ɗan dako kaya na kimanin kilo 25, a ɗora wa kowa daidai, da ƙato da ramamme, a ce an yi adalci tunda kaya ɗaya ne. Madugun mangul ba zai yi wa jakunansa haka ba. Sai a watan Afirilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas. Kayan aka auna, ba a auna mai ɗauka ba, kuma wanda ya san wannan tarihi ya san cewa daidaita kaya ba shi ne daidaita wahala ba.

Amma kuma sikelin nan ne ya ba Nijar abin alfaharinta a Olimpik. Lambobi biyu ƙasar ta taɓa samu, duka a wasannin da ake awo. Isaka Dabore ya ci tagulla a damben zamani a Munik a 1972, a ajin kilo 63 da rabi. Da babu aji, da mai wannan jiki bai ko kusanci dandali ba. Abdurrazak Isufu Alfaga kuwa, wanda tsawonsa ya haura mita biyu, ya ci azurfa a taekwondo a Riyo a 2016, a ajin manya na sama da kilo 80. Ɗaya daga ƙasan sikeli, ɗaya daga samansa. Ita ma kokowar gargajiya, da ta fita waje sai ta hau ma'auni. A gasar ƙasashen CEDEAO, wadda aka sha yi a Yamai da Doso da Dakar, aji biyar ake yi, daga kilo 66 zuwa 76, 86, 100, har na ƙattai. Mutumin da a gida ake kara shi da kowa, a can sai a tsayar da shi da warinsa.

To, me zai hana a yi wa takobi haka? Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, har ma ta fi ta ɗaga ƙarfe. A ɗaga ƙarfe nauyin jiki sau ɗaya yake aiki, wato yana ba mai shi tsoka. A kokowa sau biyu yake aiki: yana ba ƙato ƙarfi, sannan shi ne kayan da abokin karawarsa zai ɗauka. Mai kilo 70 da ya kama mai kilo 110, da ƙaramin ƙarfi zai ciri babban kaya, shi kuwa wancan da babban ƙarfi zai ciri ƙarami. Japanawa ma sun ɗanɗana wannan. Sun daɗe suna cewa a judo dabara ta fi girma, har suka sa aji marar iyaka a Olimpik ɗin Tokiyo na 1964, sai ga Anton Geesink, wani zabgegen ɗan Holan, ya danne gwaninsu Akio Kaminaga a gaban jama'arsa. Ya iya dabarar kamar yadda suka iya, ga kuma jiki. Bayan 1984 aka cire wannan aji daga Olimpik.

Sai dai ɗan Adam ba ƙarfe ba ne. Ƙarfe ba ya gajiya, ba ya tsoro, ba ya yin taku na kuskure, kuma dole a cira shi ɗungurungum bisa kai. A kokowa ba sai an sungumi mutum ba. Ya isa a raba shi da ƙafarsa, taɗiya ɗaya ko fizga a daidai lokacin da ya ɗaga dugadugi, kuma da ƙato ya karkata, nauyin da ke tsaronsa shi ne zai kai shi ƙasa. Numfashinsa ma yakan riga na siriri ƙarewa. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma duk wanda ya kalle shi ya san ba shi ne ya fi kowa jiki a fili ba. Irin wannan kaye, na wanda ake ganin bai kai ba ya kifar da wanda ya fi shi, shi ne ke tayar da fili tsaye, shi ne abincin makaɗa da ƴan cali-cali. In aka raba takobi biyar, an samu zakaru biyar an rasa sarki, kuma ɗan hakin da aka raina ba zai ƙara samun idon da zai tsone ba. Takobi a bar shi yadda yake. Tambayar ƙarfi tsantsa yake amsawa, kuma al'umma tana da haƙƙin yin wannan tambaya sau ɗaya a shekara.

Inda gyara yake shi ne ƙasa da takobi. Jaha gurbi 10 gare ta, kuma tun daga zaɓen gundumomi, daga Gure da Tanut da Mirya da Magarya har a taru a Damagaram, mai zaɓe ya san babu aji a gaba, saboda haka in gwanaye biyu suka yi daidai, mai jikin zai ɗauka. Ba laifinsa ba ne, tsarin ne ya nuna masa haka. Damagaram ta ga amfanin zaɓenta a watan Janairu na 2018, da Tasi'u Sani ya riƙe takobi a gida. Amma saurayi mai kilo 60 ko 65, wanda ƙila a gwargwadon jikinsa ya fi kowa a gundumar, ba shi da inda za shi. Malaman motsa jiki suna ganin irinsa kullum a filin makaranta: a hawan igiya ya bar kowa a ƙasa, a jifar dunƙulen ƙarfe kuwa ya zo na ƙarshe, yaran aji su yanke hukunci cewa ba shi da ƙarfi, shi ma ya yarda. Da ƙofofi biyu ne a buɗe ga irinsa a waje, gasar CEDEAO da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓi baƙuncinsu a watan Disamba na 2005. Nijar ta fice daga ƙungiya ta farko a watan Janairu na 2025, ta kuma ba da sanarwar barin ta biyun a watan Maris na wannan shekara. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, ajin kilo 66 ba a Dakar za a ƙara nemo shi ba, sai dai a gina shi a gida.

Gina shi kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. Ƙungiyar al'adu ko makarantar da ke shirya kokowar ƙarshen shekara tana iya aron sikelin asibiti ko na ƴan hatsi ta raba yara aji uku ko huɗu, sannan a rufe da karon kowa da kowa ga wanda ya ga zai iya, kamar yadda dare ke ƙarewa a ƙauye. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: a yi awon a ranar wasa, dab da shiga fili, kuma kada a sanar da iyakar aji tun da wuri, sai an auna kowa sannan a ja layi inda yaran suka rabu da kansu. In ba haka ba, ɗan shekara 14 zai kwana biyu ba tuwo ba ruwa cikin zafin Gure don ya sauka daga kilo 52 zuwa 50. Dattijon da ya yi kokowa a zamaninsa kuma a ba shi kujera kusa da sikelin, domin allura za ta ce yara biyu kilo 55 ne kowane, ba za ta faɗi cewa ɗaya ya girmi ɗaya da damina uku ba.